Zauren Gwaggo: Kwalbar Tuffa, Wacce Za a Sha, Wacce Za a Mayar?

Assalamu alaikum, masu karatu. Lokacin bukukuwa ya kama, kantuna sun cika da kwalabe masu hoton tuffa da fiya, wasiƙunku ma sun bi sahu. Ga waɗanda na tsamo a wannan wata. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

Gwaggo, barka da aiki. Bikin ƙanwata ya matso, ni aka ɗora wa kula da abin sha na ranar walima. Yayanmu ya aiko da katan uku daga wani babban kanti a Abuja, kwalabe masu kyau da hoton tuffa, an rubuta cider a jiki. Wata ƙawata da ta yi karatu a Amurka ta ce ruwan tuffa ne kawai, har yara ake ba wa a can. Amma maigidana ya ga 4.5% a ƙasan kwalbar, ya ce kada a buɗe. Wa ke da gaskiya? — Wata uwargida, Gyallesu

'Yata, maigidanki ne da gaskiya. Kada a buɗe ko ɗaya. Lambar nan 4.5% yawan barasar da ke cikin kwalbar take faɗa miki, kuma ƙarfinta ɗaya da na giyar da ake sayarwa a mashaya. Zaƙi da ƙamshin tuffa ne suka lulluɓe ta, shi ya sa wanda bai sani ba zai iya shanye kwalba guda yana santi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ita ma ƙawar taki ba ƙarya ta yi miki ba, abin da ta gani a inda ta zauna ta faɗa. A Amurka da Kanada, idan kaka ta yi, wajen Satumba zuwa Nuwamba, masu gonakin tuffa sukan matse ta su sayar da ruwan a jarkoki, mai duhu-duhu, ba a tace shi sosai ba, ba a kuma bar shi ya tashi ba. Shi suke kira cider, kuma gaskiya ne yara na sha, wani lokaci ma a ɗumama shi da kirfa da kanumfari. Idan mai barasa suke nufi sai su sa kalmar hard a farkon sunan. To amma a Ingila da Faransa da Sifaniya da Afirka ta Kudu, sunan na giyar tuffa ne kai tsaye, kuma kayan da ke cika kantunanmu galibi a kan tsarin waɗannan ƙasashe aka yi su.

Tsohuwar sana'a ce a wurinsu. A yammacin Ingila, yankunan Herefordshire da Somerset, manoma sun daɗe suna biyan 'yan ƙwadago wani ɓangare na ladansu da giyar tuffa, sai a 1887 doka ta hana. Normandi ta Faransa da Asturias ta arewacin Sifaniya ma da ita aka san su. Yadda ake yin ta ba ɓoyayyen abu ba ne: a matse tuffa, a bar ruwan makonni ko watanni, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Yawanci takan tsaya tsakanin 4% da 8%. Ta fiya kuma, wato 'yar'uwar tuffar nan mai siririn wuya ba fiya mai maiƙo ba, wadda za ki ga an rubuta wa perry ko pear cider, hanyarsu ɗaya, hukuncinsu ɗaya.

Ga yadda nake duba kwalba a kanti, kuma haka na koya wa 'ya'yana. Ba na tsayawa kan hoton gaba, juya ta nake yi. Ina neman alamar % da ke tare da alc ko vol ko ABV, yawanci da ƙananan haruffa can ƙasa ko a wuyan kwalba. Kada ki haɗa ta da 100% da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalin jus, wannan yawan ruwan 'ya'yan itacen yake nufi. In kin ga 18+ a cikin da'ira, ko hoton mai juna biyu da aka ja wa layi, magana ta ƙare. Lambar NAFDAC kuwa ba shaidar halal ba ce. Hukumar tana yi wa giya rajista kamar yadda take yi wa lemo, ita tsafta da inganci take dubawa.

Strongbow, Savanna, Hunter's, Somersby da Kopparberg duk giya ne a asalinsu. Wasu daga cikinsu suna fitar da nau'in da aka rubuta wa 0.0% ko marar barasa, suna ɗaya, kwalba kusan iri ɗaya, kuma a nan ne ɗan aike kan ɗauko wannan a maimakon waccan. Sannan a ƙasashe da yawa doka ta yarda a kira abin sha marar barasa muddin bai wuce 0.5% ba. Irin waɗannan, da yawansu sai da aka yi giyar tukuna aka zare barasar. Malamai sun yi magana a kai, akwai masu sassauci, akwai masu hanawa. Ni dai abin da bai taɓa zama giya ba shi nake shiga da shi gidana, kuma ba na son yaro ya tashi yana ganin sunan giya a faifan cin abinci har ya daina jin komai a kai.

In kwalba mai ƙayatarwa kike so a gaban baƙi, akwai Appletiser, ruwan tuffa ne zalla da aka sa wa gas, ba a ƙara masa sukari ba. A kwarin Elgin na Afirka ta Kudu aka fara yin sa a 1966. Akwai kuma Martinelli's na Kaliforniya, wanda aka rubuta wa Sparkling Cider bisa al'adar Amurka alhali ba barasa a ciki, amma shi ma a juya a karanta kafin a biya kuɗi. Duka biyun suna da tsada. Ki sayi kaɗan don wurin iyaye da dangin ango, sauran jama'a ki yi musu zoɓo mai kyau da lemon citta, ba wanda zai raina miki.

Shi kuma yayanku alheri ya nufa. A kira shi a keɓe a gaya masa, kada a yi ta yamaɗiɗi da maganar cikin dangi. Ya mayar wa kantin da rasit ya karɓi canji. In sun ƙi, a zubar. Kada a ce za a sayar wa wani don a rage asara, domin hadisin da ya la'anci giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai cin kuɗinta.

Gwaggo, ni malami ne a jami'a. Na je taro Ingila, a wata kasuwar manoma na sha ruwan tuffa marar barasa, mai gizo-gizo, ga zaƙi ga tsami ga wani ɗanɗano da ke kama harshe. Da na dawo na sayi jar tuffa na markaɗa a blanda na tace, sai ya fito salam, zaƙi kawai, kuma kafin in kai baki ya koma ruwan ƙasa. Ina matsalar take? — Wani malami, Samaru

Malam, blandarka lafiya lau take. Tuffar ce, da kuma yadda ka tsaya kan iri ɗaya.

Abu uku ke ba ruwan tuffa daɗi. Akwai zaƙi, akwai tsami da ke zuwa daga sinadarin malik, sai kuma bauri, wato wannan ɗaurewar baki da kake ji idan ka tauna goro ko ka ciji ɗanyar kanya, wanda sinadarin tanin ke kawowa. Abin da ka ce ya kama maka harshe, baurin nan ne. Masu matsar tuffa a can sun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai. A 1903 aka kafa cibiyar bincike a Long Ashton kusa da Bristol, masananta suka kasa tuffar matsa gida huɗu: mai zaƙi, mai tsami, mai zaƙi da bauri, da mai tsami da bauri. Akwai irin su Dabinett da Kingston Black da ba don ci ake shuka su ba, don matsa ne kawai. Akwai Bramley, ƙatuwar koriyar tuffa ta girki mai tsananin tsami, wadda masu ruwan tuffa na gona kan gauraya da mai zaƙi irin Cox. Gwanintar mai sana'ar duk a haɗin take. Wannan gwaninta kuwa ba ta buƙatar barasa ko ɗigo, shi ya sa nake jin daɗin wasiƙarka.

Mu kuma abin da ke iso mana tuffar ci ce, wadda aka zaɓa don zaƙi da kyan fata da jure tafiya. Mafi yawanta daga yankin Kef ta Yamma na Afirka ta Kudu take, ta bi jirgin ruwa cikin kwantena mai sanyi zuwa Legas, ta hau mota zuwa Arewa. Wata ma ta yi watanni a ɗakin sanyi kafin ta taso. Tuffa kuwa tana cikin ajiya tana rage tsaminta. Idan ta iso tiren mai talla a Kwangila, jar nan Gala ko Fuji kusan zaƙi kaɗai ya rage mata.

Ga yadda nake yi. Da safe nake zuwa wurin mai tuffata a Sabon Gari, kafin rana ta doke su. Ina ɗaga kowace a hannu in ji nauyi, in danna kusa da hancinta da babban yatsa. Wadda ta lotsa ko fatarta ta fara tattarewa ta tsufa, ba ta da ruwa. In ina son sanin iri, sai in ce ya nuna mini katan ɗin, sunan iri da ƙasar duk suna rubuce a jiki. A kowace huɗu nakan ɗauki ja biyu, ɗorawa ɗaya wato Golden, da koriya shar ɗaya wato Granny Smith. Koriyar nan da mutane ke gudu saboda tsami, ita ce ke raya haɗin. Ranar da jar ta cika zaƙi nakan mayar da shi biyu da biyu.

A gida in wanke su da ruwan ɗumi ina murzawa, don fitar da santsin kakin da ke jikin fata da ƙurar hanya. Ba na fere ɓawo, a nan ɗan baurin da ƙamshin suke. In raba kowace huɗu in cire tsakiya da ƙwayoyin, domin in aka niƙa ƙwaya tana kawo ɗaci. Daga nan ba blanda nake nufa ba, magogin kuɓewa nake ɗauka. Blanda tana mayar da tuffa kunu, ta toshe ƙyallen tata, ta tilasta maka ƙara ruwa, ruwan nan kuma shi ya ƙara kashe maka ɗanɗano. Gogaggiyar tuffa kuwa, in ka rufe ta ka bar ta minti ashirin zuwa talatin, sai ka ga ruwa ya fara taruwa a gindin kwano da kansa. Sai in zuba ta kaɗan-kaɗan a tsabtataccen ƙyallen tatar kamu, in tattara bakinsa, in yi ta murɗawa a hankali har dusar ta dunƙule ta bushe a hannu. Kilo ɗaya, wato tuffa biyar ko shida matsakaita, yakan ba da wajen rabin lita. Wanda ke da firiza mai wuta, in ya daskarar da yankakkiyar tuffar ya bari ta narke kafin matsa, zai samu fiye da haka, don ƙanƙara tana farfasa naman.

Saura bauri. A kowace lita nakan zuba cokali uku ko huɗu na baƙin shayi mai ƙarfi da ya huce, ba sukari ba madara, tunda shi ma tanin ne a cikinsa. Lokacin yazawa kuwa, ruwan rabin guda ɗaya ya isa, kuma ya fi shayin armashi. A cire ƙwallon tukuna a wanke hannu, mansa yana ƙona fata. A zuba kaɗan a ɗanɗana, a ƙara in da buƙata, don in bauri ya yi yawa ba ya cirewa.

Komawarsa ruwan ƙasa ba lalacewa ba ce. Wani sinadari ne a naman tuffa da ke haɗuwa da iska da zarar an yanka. Na Amurka da na ambata a sama haka ake shan sa, har sun fi son sa da launin. In fari kake so kamar wanda ka sha, ka matse rabin lemon tsami a kwanon tun kafin ka fara guga. In kuma gas kake so, ka zuba ruwan soda mai sanyi a kofi lokacin sha, kashi ɗaya cikin uku. Akwai bidiyoyi a intanet da ke koyar da a sa yis a toshe kwalba kwana biyu don ya yi gas. Wannan giya ake koya maka haɗawa, ga kuma kwalba tana iya fashewa a fuskar yaro.

Abu biyu nake roƙonka da su. Na farko, tuffar nan da ake karyarwa da yamma, mai baƙin tabo mai laushi, kada arha ta ja ka. Fumfunar da ke ruɓar da tuffa tana fitar da guba mai suna patulin, tafasa ba ta kashe ta, kuma tana iya wuce inda ido ke ganin tabon. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda ta wuce maikrogram 50 a kilon ruwan tuffa ba, ka ga ba ƙaramin abu aka ɗauke ta ba. Na biyu, ɗanyen ruwan tuffa yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. A 1996 a Amurka, ƙwayar E. coli a ruwan tuffa da ba a ɗumama ba ta kwantar da mutane da dama, ta kashe wata yarinya 'yar wata 16. In ƙananan yara ko mai juna biyu ko tsoho za su sha, ka ɗora shi a wuta har ya kai digiri 72. In ba ka da ma'auni, ka jira tururi ya tashi sosai, ƙananan kumfa su jeru a gefen tukunya, ka bar shi minti ɗaya ka sauke kafin ya tafasa.

Ajiya kuma, a tuna a Zariya muke. A zafin Maris da Afrilu, yis ɗin da ke jikin ɓawo da cikin iska yakan fara aiki a cikin yini guda. Alamunsa: kumfa a sama, robar ta yi tauri, ka buɗe ka ji "fiss", ƙamshi ya juya. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. Iyakar ke nan da aka nuna mana, amma matsattsen ruwan tuffa a ɗaki mai zafi ba ya jiran kwana uku. Ka yi daidai shan yau. In wuta ta tsaya, kwana biyu zuwa uku a firij. Wanda ya nuna alama ɗaya daga cikin waɗancan, a zubar.

Gwaggo, maiɗakina tana son Fayrouz mai ɗanɗanon fiya, sai na ce bari in sayo mata ainihin 'ya'yan, ba fiya mai maiƙo da muka saba ba, 'yar'uwar tuffar nan mai siririn wuya. Sun yi tauri, muka ajiye mako guda. Da muka yanka, waje lafiya, ciki ya yi baƙi ya narke. Cutata aka yi? — Wani ango, Tudun Wada

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da wannan kula. Ba a cuce ka ba. Ita wannan fiya ɗanya ake tsinke ta, a ajiya take nuna, kuma daga ciki nunar ke farawa. In ka jira cikinta mai faɗi ya yi laushi, tsakiya ta riga ta wuce. A wuya ake gwada ta: ka danna kusa da sandar a hankali, ranar da ka ji ya ɗan ba da kai, ranar ce. A yanayinmu kwana biyu zuwa huɗu ya isa, in ka sa ta a takarda tare da ayaba ya fi sauri. Daga nan a ci ko a sa firij.

Ka lura da iri ma. Packham koriya ce mai ƙulle-ƙulle a jiki, ba ta cika canza launi ba ko ta nuna. Forelle tana da jan kumatu da ɗigo-ɗigo. Williams takan koma ɗorawa, ita ce kuma ta fi ƙamshi. Ta ƙasar Sin, farar nan da ke zuwa cikin 'yar ragar soso, ita a garas-garas ɗinta ake ci, jiranta ta yi laushi ɓata lokaci ne.

In ruwanta kuke so, ku bi hanyar da na gaya wa malamin Samaru, ku matse ta tun tana da ɗan ƙarfi. Ba ta da tsami sosai, don haka a kowace uku a sa koriyar tuffa ɗaya da 'yar citta. Amma a sha daidai. Akwai wani nau'in zaƙi a fiya mai suna sobitol da ke sassauta ciki, kofi biyu na iya sa babba zirga-zirga, balle yaro. Jaririn da bai kai shekara ba, likitocin yara sun ce kada a ba shi jus kowane iri sai da umarninsu.

Hajiya, ina fama da ciwon suga da ƙiba. A wani zauren WhatsApp an ce in riƙa shan khal na tuffa kullum da safe, zai narkar da kitse ya kuma raba ni da magani. Na saya, sai na ga an rubuta cider vinegar, ga wani abu kamar yana yana yawo a ciki. Halal ne? Kuma yana aiki? — 'Yar'uwarki, Ƙofar Doka

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali: kada ki ajiye maganinki. Na ga matan da suka yi haka saboda saƙon waya, aka kwashe su ranga-ranga zuwa asibiti. Khal ba ya maye gurbin ƙwaya ko allurar insulin.

Batun halacci, khal abinci ne da Manzon Allah (SAW) ya ci ya kuma yaba, Muslim ya ruwaito ya ce madalla da khal a matsayin mahaɗi. Kowane irin khal ta mataki biyu yake bi: yis ya mayar da sukari barasa, sannan wasu ƙwayoyin halitta masu buƙatar iska su mayar da barasar tsami. Abin da ke kwalbarki ya riga ya rikiɗe, ba ya bugarwa, tsaminsa wajen 5% ne. Inda malamai suka yi saɓani shi ne mutum ya ajiye giya ya juya ta khal da gangan. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta, Hanafiyya sun halatta, a littattafan Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu kuma an lissafa giyar da ta koma khal cikin abubuwa masu tsarki. Mai son haɗa nasa a gida ya fara zama da malaminsa. Yanar da kika gani ita ake kira uwar khal, tarin ƙwayoyin da suka yi aikin ne. Ba lalacewa ba ce, ba kuma shaida ba ce cewa ya fi magani.

Amfaninsa akwai, amma kaɗan ne. A wani bincike da aka yi a Japan a 2009, masu ƙiba da suka sha cokali ɗaya ko biyu kullum tsawon mako 12 sun rage kilo 1 zuwa 2 ne kacal, da suka daina kuma ya dawo. Wasu ƙananan bincike sun nuna yana ɗan rage hawan suga bayan cin abinci mai sitaci. Iyakarsa ke nan. In likitanki ya yarda, babban cokali ɗaya a cikin babban kofin ruwa, tare da abinci, ki kurkure baki bayan sha don yana cin haƙori. Kada a sha shi tsura, yana ƙona maƙogwaro. Mai olsa ta bar shi. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ta gaya wa likita tukuna, don haɗuwarsu na iya rage sinadarin fotasiyam a jini. Ki karanta jerin kayan haɗin ma, akwai farin khal da ake sa wa launi da ƙamshi a sayar da sunan na tuffa.

Ni a kwaɗon zogale da na kabeji na fi amfani da shi, da kuma jiƙa nama mai tauri kafin suya. Ruwan tuffar da na koyar a sama kuwa ba naki ba ne: kofi ɗaya na mililita 250 yana ɗauke da sukari wajen gram 25, kusan ƙananan cokula shida. Ki ci tuffar da ɓawonta, ƙarama ɗaya, ya fi miki.

Na shuka ƙwayar tuffa a lambuna shekara uku da suka wuce. Ta tsiro, ta kai ƙirjina, amma ko fure babu. Zan ci 'ya'yanta kuwa? — Wani dattijo, Shika

Baba, Allah Ya ƙara girma. Tsirar da ita kaɗai a ƙasarmu ƙoƙari ne, amma abu biyu ne a gabanku. Tuffar da aka shuka daga ƙwaya takan ɗauki shekara 6 zuwa 10 kafin ta haihu, kuma ba ta kawo irin uwarta, sau da yawa ƙanana ne masu tsami. Shi ya sa kusan duk gonar tuffa a duniya da aure ake yin ta, yadda kuka sani a mangwaro.

Na biyu sanyi. Asalin itacen daga duwatsun Tian Shan yake, wajen Almaty a Kazakistan, kuma yawancin ire-irensa sai sun yi ɗaruruwan sa'o'i, wasu fiye da 1,000, cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su farka su yi fure. Hunturunmu, duk da yadda yake fasa mana ƙafa, ba ya kaiwa nan. Jos da ke sama da mita 1,200 da Mambila mai wajen mita 1,600 sun fi mu dama, mu da ba mu kai mita 700 ba, kuma a Filato akwai masu noma ta.

Akwai ire-iren da sanyi kaɗan ya ishe su, irin su Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas, ana shuka su tare don su yi wa juna barbara. A yankin Batu na tsibirin Java a Indunusiya, inda babu hunturu sam, manoma kan zage ganyen itacen da hannu bayan girbi su lanƙwasa rassan su ɗaure, itacen ya sake fure, har su girbe sau biyu a shekara. Kada ku tumɓuke taku. Ku bar ta a matsayin gindi, ku nemi reshen Anna ko Dorsett Golden, mai kaurin fensir, a aura mata, ku samo ta biyu ku dasa kusa da ita. Ga ku ga Samaru, ku leƙa wurin malaman gona na cibiyoyin binciken noma na IAR ko NAERLS su duba muku ita kafin a yanka. A kuma sa ido kan gara a gindin da rani, tana yawan kashe ƙananan dashe.